Inda Zan Ajiye Idona

Wata Litinin ce a watan Oktoba, ina shekara goma sha uku, ajina na biyu a sakandare. An wayi gari da ruwa, kwatocin unguwarmu Briqueterie sun cika sun tumbatsa, babu tasin da ta yarda ta tsaya, na taka har makaranta da jar laka a wandona. Na tarar an gama ɗaga tuta. A bakin ƙofa surbeyan yana tsaye, wato malamin da ke kula da ladabin ɗalibai, da rajistarsa a hammata. Ya fara faɗa, ni kuwa na yi abin da aka koya mini tun ina rarrafe: na haɗa hannu, na sunkuyar da kai ina kallon takalminsa. Sai ya daka mini tsawa, "Regarde-moi quand je te parle!" Wai in dube shi idan yana magana. Wuyana ya ƙi ɗaguwa. Ranar na wuni ina saran ciyawa da adda a bayan ajujuwa, 'yan ajinmu suna leƙe ta taga suna dariya.

A gidanmu ido ba abin wasa ba ne. Babana tela ne, shagonsa na jikin zaure. In na dawo makaranta ni ke zuba gawayi a dutsen guga, in share ƙyallaye, sannan in samu in fita buga ƙwallon tsumma a lungu. Duk tsawon wannan aiki ban taɓa sanin launin idonsa ba. Yakan ce, "Yaron da ya ƙura wa babba ido ya gama lalacewa." Abin da ake yabona da shi a gida, shi aka rubuta mini da jan biro a makaranta har sau uku: raini.

A na ukun aka ce in zo da mahaifina, ko a kore ni. Baba ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Faransancinsa na ciniki ne kawai, don haka bai fahimci ƙarar da ake karantowa ba, ni kuma kunya ta hana ni fassara masa. Ina son karatun nan kamar raina. Da surbeyan ya juyo kaina, na cije, na ɗaga kai na zuba masa ido har ya gama. Ya gyaɗa kai, ya ce yanzu na fara zama mutum. Na ɗauka na tsira.

Da muka iso zaure Baba ya juyo kaina. "Ashe abin da suke koya muku ke nan? Tsaurin ido a gabana?" Washegari ya nuna mini keken ɗinkin da ke kusa da ƙofar shago, ya ce daga yau nan ne ajina. Shi da surbeyan duk tarbiyya suke nema mini, kuma babu wanda ya tambaye ni ko kalma ɗaya. Wannan har yau yana ci mini rai.

Yanzu 'yata tana sakandare a unguwar Tsinga. Tana kallona cikin ido tana ba ni labarin ajinsu, malamanta suna yaba mata, ni ma ban taɓa hana ta ba. Shagon Baba ya zama nawa. Amma har gobe idan mutum yana yi mini magana, wuyan rigarsa nake kallo. Suna ɗauka awo nake yi.