Littafin Python na Malam Obadiah

Shekara goma sha tara muka yi da Malam Obadiah Dzarma muna zama a tebur ɗaya a ɗakin malamai, a wata sakandare da ke cikin Maiduguri. Ni ina koyar da Hausa, shi kuma lissafi. Mutumin wani ƙauye ne kusa da Biu, dogo, siriri, ba ya son hayaniya. Ɗaki biyu yake haya a Mafoni. Matarsa Salomi ta rasu a shekarun tashin bama-bamai. Ta fita sayen kayan miya ne ba ta dawo ba. 'Yarsu ɗaya ce, Phebe, ma'aikaciyar jinya, tana aure a Gomari.

Yana da shekara hamsin da biyar wata ƙungiyar agaji ta shirya wa malamai kwas na mako biyu kan yaren kwamfuta mai suna Python. Malamai takwas aka tura daga makarantarmu. Bakwai sun karɓo takardar shaida sun manta da zancen, shi ya dawo kamar an sa masa sabon batir. Ya sa manhajar a wayarsa, ko lokacin tara yana danne-danne.

Makarantar tana da kwamfuta goma sha biyu, amma da aka lalata turakun wutar da ke shigowa garin muka shafe watanni ba lantarki, sai aka rufe ɗakin. Bai fasa koya wa ɗalibai Python ba. A allo yake rubuta darasin da alli, ɗalibai su kwafa, sannan ya buga a wayarsa ya zagaya da ita layi-layi su ga sakamakon.

Wata rana ya ajiye alli a gabana ya ce, "Malam Uwais, yaran nan ba Python ke ba su wuya ba, Turancin ne. Wani Kanuri yake yi a gida, wani Shuwa, wani Margi, amma kowa na jin Hausa. Zan rubuta musu littafi na 'yan koyo. Kai za ka riƙe mini kalmomi."

Na ce ni ko kunna kwamfuta sai an taya ni.

"To ai kai ne ɗalibin da nake nema. In ka gane, kowa zai gane."

Haka na koyi ɗan abin da na sani. Ya ce a wannan yaren komai abu ne, kuma kowane abu yana da siffofinsa da ayyukansa. Ya kawo misali da akuya. Da farko za ka bayyana wa kwamfuta mece ce akuya: tana da suna, da launi, da shekaru, tana ci, tana kuka. Daga wannan bayanin guda sai ka fitar da akuya ɗari in kana so, kowace da sunanta da launinta. Mun yi mako guda muna gardama kan sunan da za a ba bayanin nan na farko. Shi ya so ya ce aji, na ce yara za su ɗauka ɗakin karatu ake nufi. Muka tsaya a kan jinsi. Ya kuma nuna mini cewa yaren ba ya takura mutum: suna ɗaya zai iya riƙe lamba yanzu, an jima ya riƙe kalma, ba mai tambayarka. Sai dai in ka yi kuskure ba za ka sani ba sai ka sa shi aiki. Shi ya sa ya ɗaukar wa kansa alkawarin cewa ba misalin da zai shiga littafin sai ya gwada shi da hannunsa.

Yana babi na uku ya fara karo da ƙafar tebur. Mun ɗauka tabarau ne ya tsufa. Phebe ce ta matsa masa har aka duba shi, likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe. Idon hagu ya riga ya tafi. Na dama, in ana ɗiga magani kullum, zai ɗan jima.

Bai gaya wa kowa a makaranta ba sai ni. Ya yi ritaya a ƙarshen zangon, ya koma ɗakinsa da littattafan rubutu. Da biro ya gagare shi gani sai ya koma maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, layi shida ko bakwai a shafi. Duk Asabar da hantsi nakan hau keke napep in je Mafoni, in same shi a bakin ƙofa inda haske ya fi yawa, hancinsa ya kusa taɓa takarda. In karanta masa abin da ya rubuta, ya ce cire wannan, wancan ya yi tsauri.

A watan Agusta na 2024 ya gama. Babi goma sha ɗaya, a littattafan rubutu ashirin da uku. Muka zuba su a jakar buhu muka kai wa Modesta, wata Inyamura da ke buga takardu a shagon mijinta Polycarp a Abbaganaram. Ta ce mako huɗu.

Kafin mu miƙa ya ce da ni, "Malam Uwais, ɗauki hotonsu da wayarka mana, don ɓacin rana."

Na duba yawan shafukan, na duba rana, na ce zan dawo ranar Asabar in ɗauka a nutse. Asabar ta zo aka yi suna a gidan ƙanena. Wata Asabar ɗin ruwa ya hana ni fita. Ta uku ba ni da wani dalili, ban dai je ba.

Ranar goma ga Satumba madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya ci rabin gari. Phebe da mijinta suka kwashe Malam Obadiah zuwa Gomari da kayan jikinsa da maganin idonsa. Sai da aka kwana goma sha biyu kafin a iya shiga Abbaganaram da ƙafa. Na ce ya bari in je ni kaɗai, ya ƙi. Na riƙe hannunsa muka bi ta cikin taɓo mai wari, mutane na ta fito da katifu da buhunan hatsin da ya ruɓe.

Mun tarar da Modesta tana kwashe laka da faranti. Alamar ruwa ta wuce saman ƙofa. Babi huɗu ta riga ta buga, suna cikin kwamfutar da ke kife a tsakar shagon. Ta jawo jakar daga ƙarƙashin kanta, na buɗe. Littattafan sun manne sun zama curi ɗaya, tawadar ta narke, shafukan sun koma shuɗi da baƙi.

"Baba, yi haƙuri," in ji ta, tana kuka. "Da na sani da na tafi da su gida."

"Gidan naki ya tsira?"

Ta ce a'a.

"To share hawayenki, 'yata. Kin fi ni asara."

Ya sa hannu cikin jakar ya shafa, ya daɗe yana shafawa. Sannan ya juyo inda yake jin numfashina.

"Hotunan suna nan ai?"

Na gaya masa gaskiya. Ya zare hannunsa daga jakar. Muka fito titi, muka sami keke har Gomari. Da zan tafi ya ce in gaida iyali.

Bayan wata biyu ya aiko Phebe ta kira ni. Lokacin idon dama ma sai haske da duhu kawai yake bambancewa. Ya ce littafin yana kansa, shi zai faɗa ni in rubuta. Na ari kwamfutar surukinsa, kullum bayan la'asar ina can.

Bayanin Hausa bai ba mu wahala ba, har ya fi na farko daɗi. Misalan ne suka kayar da mu. A Python har tazarar da ke farkon layi tana da ma'ana. In ta ƙaru ko ta ragu da ɗaya, aikin ya tsaya. Shi ba ya gani, ni ban san abin da nake nema ba. Kwamfuta ta fito da jan rubutu mai nuna kuskure, in karanta masa harafi-harafi, ya ce koma layi na huɗu, ƙirga mini tazarar, akwai ɗigo biyu a ƙarshe? Wata rana misali mai layi tara ya cinye mana awa biyu. Ashe alamar baka ɗaya na buɗe a layi ban rufe ba. Da na gano na yi dariya don murna. Shi bai yi ba.

"Misali ɗari da arba'in ne a littafin nan, Malam Uwais."

Na ce za mu yi su ɗaya bayan ɗaya.

"A'a. Abin da ban gani da idona ba, ba zan ba yara ba. Rufe kawai."

Phebe da ke tsaye da kofin shayi ta ce, "Baba, ka huta yau, gobe ku ci gaba."

Ya ce to. Washegari na zo ya ce kansa na ciwo. Jibi ma haka. A babi na biyu muka tsaya. Na buga babi biyun a takarda na kai wa James, malamin da ya gaje shi. Ya karɓa da ladabi, ya ce abin ba ya cikin manhajar jarrabawa amma zai duba.

Bayan Kirsimeti Malam Obadiah ya ce a mayar da shi ƙauye wurin ƙanensa Jona. Phebe ta yi kuka ta roƙe shi, ya ce gidanta ƙarami ne, kuma ya gaji da jin ana kawar da kujeru daga gabansa. Na raka shi tasha. Na so in ba shi haƙuri kan hotunan nan, direba na ta kiran fasinja, ban samu na faɗa ba.

Ina kiransa duk Lahadi bayan sun taso coci. Mukan yi zancen damina, da ciwon gwiwarsa, da malaman da suka rasu. A kiran da na yi na ƙarshe Jona ne ya ɗauka. Ya ce yana kwance, kwana uku ke nan kunu kaɗai yake iya sha, kuma sun aika wa Phebe ta zo.