Ƙofar Gilashin Murhun Inna Hureira

Duk Bahaushen da ya taɓa tashi daga Kuala Lumpur zuwa gida da kaya niƙi-niƙi, da wuya bai bi ta hannun Tajuddeen ba. Shi ne mai ɗaure wa mutane kaya. Ba wai sana'arsa ba ce, karatu ya kawo shi, digiri na uku a fannin tarihi, shekara ta shida ke nan ana fama. Amma Allah ya ba shi hannu. Sai ya ɗaga akwati sau ɗaya ya ce maka rage kilo biyu, ka je filin jirgi ka tarar haka ɗin ne. A ɗan gidansu na hawa na tara a Taman Melati, bayan ƙofa cike yake da kwalaye da igiya da salatif. Matarsa Sharifa takan ce ita dai ɗan dako ta aura, daktan kuma sai an gani.

Mahaifiyarsa, Inna Hureira, tana Barikin Ladi, a wani tsohon gidan dutse da Turawan kuza suka bari, wanda marigayi mahaifinsa ya samu tun yana akawu. A falon gidan akwai murhu a cikin bango, da bututun hayaƙi har saman rufi. Wanda ya san sanyin Filato ya san ba don ado aka yi shi ba. Tun asuba Inna take hura wuta ta ja kujerarta 'yar tsugunno kusa. To yanzu ido ya yi rauni. Cikin daminar bana tartsatsi ya yi tsalle ya faɗa kan zaninta, ba ta ankara ba sai da ya ci ya kai ga ƙwaurinta. Ƙanwarsa Murja, wadda take aure a Bukuru, ita ta turo masa hoton ƙunar. Ya daɗe yana kallo. Zuwa gida bai taso ba, fasfonsa yana can wajen sabunta biza.

Wani abin kuma, shi ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kuma hira da shi. In ya kira, gaisuwa ce kawai, lafiya, madalla, sai ta ce a ba ta Sharifa. Duk maganar da ke tsakanin uwa da ɗa, ta bakin suruka take bi.

Ya tuna wata tafiya da suka yi da ɗalibai zuwa kan duwatsun Cameron, inda ya ga murhu irin na gidansu a masauki, amma an yi masa ƙofar gilashi: wuta na ci, ɗumi na fitowa, tartsatsi kuwa ba hanya. Sai ya shiga nema, a garin da fanka ba ta hutawa shekara duka. Kedai nawa, wato shago, ya shiga aka yi masa kallon wanda zafi ya taɓa. A ƙarshe aka kwatanta masa wani tsohon Basine a bayan Setapak, mai ƙera ƙofofin tandar burodi, wanda kowa ke ce wa Ankul.

Ankul ya ajiye masa gilasai biyu a kan teburi. Na farko fari tas, mai ƙarfi, amma ya ce da harshen wuta ya daɗe a kansa sai ya tarwatse kamar tsakuwa. Na biyu yana da ɗan launin zuma, shi ne mai jure wuta. Tajuddeen ya zaɓi na biyun. Ya zaɓi ganye biyu maimakon ɗaya, don kada buɗewa ta yi wa tsohuwa nauyi. Ya ce a sa mariƙin katako, kada ƙarfe ya ƙona mata hannu. Da Ankul ya tambaya ko a manna ƙofar a fuskar bango ko a shigar da ita cikin bakin murhun, Tajuddeen ya tuna duwatsun bangon nan na gidansu masu tudu da kwari, ya ce a ciki. Duk wannan ya zaɓa ba gargada. Sannan Ankul ya ɗauko fensir ya ce a ba shi awo, da milimita, domin in an yanka gilashi an haɗa firam ɗin ƙarfe, magana ta ƙare.

Ya kira Murja ya ce ta ari tef wajen tela. Ta je ran Juma'a, ranar da take zuwa duba Inna, ta durƙusa gaban murhun. Inna ta tambaya me ake yi, da ta ji, ta ce a mayar wa tela kayansa. Shekara talatin tana sayar da yadi a kasuwa da kamun hannunta, ba wanda ya taɓa dawowa ya ce ta rage masa, yanzu kuma murhun ɗakinta ne za a auna mata da igiyar roba? Ta auna da kanta, ta sa aka yi wa Sharifa saƙon murya.

"Ki faɗa wa mai gidan naki, faɗi taƙi biyar, tsayi taƙi huɗu. Allah ya yi albarka."

Tajuddeen ya saurari saƙon ya fi sau goma. Abokinsa Kalilu, wanda ya yarda zai tafi da kayan, jirginsa saura kwana tara. Ankul yana son mako guda. Murja ba za ta koma ba sai wata Juma'ar, kuma ta riga ta rantse ba ta sake shiga da tef. Abin da ya rage shi ne ya kira Inna ya ce ta ɗora hannunta a kan rula. Ya ɗauki wayar, ya ajiye. Ta ina zai fara? Ya ce bai yarda da awonta ba?

Sai ya zauna yana ƙoƙarin tuna hannun. Ya tuna lallen, ya tuna zoben azurfa, ya tuna yadda take miƙo masa kwano fuskarta na kallon wani wajen. Amma tsawon tazarar da ke tsakanin babban yatsanta da na tsakiya, wallahi ya rasa. Ya buɗe nasa hannun a kan teburi, ya san ya yi girma. Sharifa ce ta kawo mafita. Ta ce ai awarwaron da Inna ta cire daga hannunta ta ba ta lokacin biki, daidai ya zauna mata, ashe ke nan hannunsu ɗaya.

Haka aka kai Sharifa kedai, ta buɗe taƙinta a kan rular ƙarfe, Ankul yana dubawa ta saman tabarau yana girgiza kai. Ya ce shekara arba'in yana aikin nan, yau ne ya fara auna suruka don murhun uwar miji. Ya ninka, ya rubuta, ya ce, "Boleh lah, zai yiwu, amma ni ban ce komai ba."

Ɗaurin da Tajuddeen ya yi wa ƙofar nan bai taɓa yi wa kayan kowa ba. Soso, bargo, kwali, katako a kusurwoyi. Ta isa Barikin Ladi ko ƙwarzane babu.

Murja ta kira shi ta bidiyo ranar da magini ya zo. Ya ga an ɗaga ƙofar, an kai bakin murhu, an juya, an sake juyawa. Ta ƙi shiga. Ta fi bakin da yatsa uku a faɗi, yatsa uku a tsayi. Ya ce da Sharifa to hannunki ne ya fi, sai suka ji Murja tana tambayar Inna yadda ta auna. Inna ta amsa daga gefe, ba a ganinta a hoton.

"Na yi gyara mana. Yaushe na taɓa ba mutum awo cif-cif? A kan ɗan da na haifa zan fara rowa?"

Magini ya ce sai dai a sassaƙe dutsen, amma na saman shi ke riƙe da bututun, in ya tsage ba ruwansa. Inna ta ce bangon da mijinta Malam ya bari ba mai sa masa guduma. Aka kira mai gilashi daga Jos, ya zo ya ƙwanƙwasa da farce, ya ce bai san irin wannan ba, ba zai taɓa ba. Tajuddeen ya koma wajen Ankul ko akwai dabara. Ankul ya ce a dawo da ita ya rage. Tajuddeen ya tambayi duk wanda ya sani, ba mai tahowa daga Filato nan kusa, kuma Murja ta ce ko da akwai, Inna ba za ta bayar ba.

Domin ita ƙofar ta samu matsayi. An jingine ta a bangon uwar ɗaka, an rufe da sabon zani, kullum ana goge ta. Duk baƙuwar da ta zo sai an yaye an nuna mata, a ce daga Malesiya aka aiko, wuta ba ta cin ta.

Ran Juma'ar da ta biyo baya Murja ta yi sammako, ta kira su. A nan azahar ta wuce, a can gari bai daɗe da wayewa ba. Inna na zaune a kan 'yar kujerarta, ta miƙe ƙafafu, bakin zaninta bai fi taƙi ɗaya da garwashi ba, icen yana ta fashewa. Tajuddeen ya gaishe ta, ta ce lafiya, madalla, a ba ta Sharifa. Ya miƙa wayar, ya tsaya a bayan kujera, ya raɗa wa matarsa ta ce wa Inna ta ɗan ja baya. Sharifa ta faɗa cikin ladabi. Inna ta ce ta ji, ta janye ƙafa ɗaya, ta shiga ba da labarin wata maƙwabciya da ta haihu. Kafin labarin ya kai ranar suna, ƙafar ta koma inda take.