Hannun da Ya Kankare Gadon Asibiti

Idan ka bi ta layinmu da safe za ka same shi a ƙofar gida, zaune kan tsohon bokitin fenti da ya kife, yana wanke buroshi da kananzir. Ɗaya bayan ɗaya yake wanke su, ya matse, ya taje gashinsu da yatsa, ya jera su a kan katako daga babba zuwa ƙarami. Sai ya gama wannan yake amsa gaisuwa da kyau. Kafin nan "lafiya lau" kawai za ka samu, ita ma ba tare da ya ɗago kai ba.

Baba Shafi-Biyu muke ce masa, domin a wurinsa fentin da aka shafa sau ɗaya ha'inci ne. Ni maƙwabcinsa ne, kuma na sha faɗa a kan ƙofar gidana da na ba wani ya shafa mini da araha. Har yau in ya wuce ta sai ya girgiza kai, kamar wanda ya ga ɗan'uwansa cikin mugun hali.

Kusan duk ƙuruciyarsa da ƙarfinsa a sito na ma'aikatar ayyuka suka ƙare. Shi ne mai fentin kayan gwamnati: bencin makaranta, tankin ruwa, gadajen asibiti. Babu wanda ya san da zamansa sai direbobin da ke kwasar kaya da akawun da ke biyan albashi. Ranar da aka ɗauke shi aiki an sa shi ya rantse ba zai faɗi abin da ya gani a sito ba, ya kuwa riƙe rantsuwar har gemunsa ya yi fari.

A shekarunsa na ƙarshe a aiki aka shiga yayin buɗe sababbin asibitoci. Kowane wata sai ka ga minista a talabijin da almakashi yana yanka zare, bayansa gadaje jere suna sheƙi. Na wannan unguwa farare, na waccan koraye, na gaba shuɗaye. Mu muna gida muna sa albarka. Ashe gadajen nan guda ne. Da an gama ɗaukar hoto an watse, sai babbar mota ta kwashe su ta mayar sito, Baba ya sake musu launi, su jira buki na gaba. Kuɗin sababbin gadaje kuwa ana fitar da su kowane karo, inda suke shiga Allah ne masani, sai kuma masu shigar da su.

Direban motar ya ba ni labarin cewa abin da ya fara ɓata wa Baba rai ma ba satar ba ce. Samfefa ce. A ƙa'idarsa, kafin a sa sabon fenti sai an goge tsohon da samfefa har ƙarfe ya fito. Ogansu ya ce babu lokaci, a shafa a kai kawai. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, fenti a kan fenti ba ya daɗewa." Oga ya ce, "Wa ya ce maka muna so ya daɗe?"

Baba ya yi shiru ya ci gaba da shafawa. Saura 'yan watanni ya yi ritaya, kuma fansho shi ne duk abin da ya tara a duniya. Ba shi da gona, ba shi da shago. Wanda zai zarge shi da wannan shirun, to ya fara gaya mini me shi ya taɓa saki daga hannunsa saboda gaskiya.

Sai naƙuda ta kama 'yarsa ta fari. Aka kai ta sabon asibitin unguwarmu, wanda aka buɗe makon da ya gabata. Baba ya bi su a baya da kayan aiki a jikinsa. Ya leƙa ɗakin haihuwa ya ga mata kwance a ƙasa kan kwalaye da zannuwansu, ga shatin ƙafafun gadaje a kan sabon siminti. Ungozomar ta ce masa, "Baba, ka yi haƙuri, gadajen an ce an kai gyara." Shi ya san gyaran, da hannunsa ya fara yi musu kore a safiyar nan. Jikarsa a kan kwali ta zo duniya. Allah ya raya ta, ga ta can tana hana mu barcin rana, amma ungozomar ta ce ba kowace uwa ce ta fita daga ɗakin da abin goyo ba.

Washegari ya ari wayar surukinsa ya tafi aiki. Da sauran ma'aikata suka fita cin abincin rana, ya jingina wayar a jikin gwangwani, ya ciro makullin gidansa, ya durƙusa gaban gado ɗaya. Duk ƙasar nan ta ga abin da ya biyo baya, domin hoton bidiyon ya bazu a wayoyi. Hannu ne kawai a hoton, babu fuska, babu murya. Makulli ya kankare kore, fari ya fito. Ya kankare fari, shuɗi ya fito, ƙarƙashin shuɗi rawaya. Babu mai buƙatar a yi masa bayani, kowa ya tuna a wane asibiti ya ga wane launi a talabijin.

Da a nan ya tsaya, da har yau ana neman mai hannun. Amma Baba ne. Da ya gama tona asirin gwamnati, ya dubi tabon da ya yi wa gadon, zuciyarsa ta ƙi. Sai ga hannun ya dawo da ƙaramin buroshi ya rufe wurin tsaf, ya ɗan jira, ya ƙara shafi na biyu. Wayar tana ɗauka.

Ina gidan lokacin da Inna, matarsa, ta kalli hoton. Ta kalla har ƙarshe, ta ajiye wayar a hankali.

"Malam, ka ɓoye fuska, ka ɓoye murya, sannan ka yi shafi biyu?"

"To in bar shi da tabo?"

"Ai da ka rubuta sunanka da lambar gidanmu a jikin gadon, ka hutar da su."

Ta yi dariya, sannan ta shiga ɗaki ta yi kuka. Ta haɗa masa 'yan kaya a leda, domin ta san 'yan sanda za su zo. Sun kuwa zo.

Abin da ba su lissafa ba shi ne kowa yana da makulli. Mata suka fara, a asibitin da za a buɗe na gaba: minista na jawabi, wata tsohuwa ta durƙusa ta kankare ƙafar gado a gaban 'yan jarida. Daga nan abin ya ƙwace. Iyaye suka kankare bencin makaranta, manoma suka kankare motocin noma da aka ce sababbi ne. Kasuwanni suka rufe. Mutane suka cika tituna, kowa ya ɗaga makullinsa yana kaɗawa, babu dutse, babu sanda. Ni da nake tsoron taro na fita, kuma ban taɓa jin ƙara mai daɗi da ban tsoro kamar ta makullan nan ba. An harba hayaƙi mai sa hawaye, an ji wa wasu rauni, an kama da yawa. Amma na ga wani ɗan sanda ya juya baya kamar yana gyara takalmi, ya kankare gefen motarsu ta sintiri. Motar ɗaukar marasa lafiya ce a ƙarƙashi. Ya daɗe yana kallon wurin.

Minista ya sauka. Ogan sito yana gaban kotu, shari'ar tana tafiyar hawainiya kamar yadda aka saba. Ba zan ce an gyara ƙasa ba, ƙarya ba ta dace da wannan rubutu ba. Amma gadajen sun koma asibitoci, an sayo wasu, kuma yanzu babu bukin buɗe komai da ake yi ba tare da an ga wani ya matso da makulli a hannu ba.

Baba kuwa an sake shi, bayan ungozomar nan ta jagoranci mata sun zauna a ƙofar ofishin 'yan sanda sun ƙi tashi. Sai dai an kore shi daga aiki saboda karya rantsuwa, fanshon ya tafi. Yanzu allunan shaguna yake rubutawa a ƙofar gida. Na tambaye shi ko yana nadama. Ya ce, "Ina yi mana, duk ƙarshen wata. Sai yarinyar nan ta zo ta hau mini ƙafa, in manta."

Kai ne, Baba, mutumin da ya san tsadar abin da zai yi tun kafin ya yi, kuma ya yi. Kai ne ka ji tsoro kamar kowa, ka yi shiru kamar kowa, sannan ka daina. Mai shafi biyu, ba ka iya rabin aiki ba, ko da aikin zai kai ka ɗakin 'yan sanda. Ina alfahari da cewa bango ɗaya ne tsakanin gidana da naka.

Watan jiya ƙirji ya kwantar da shi, ladan shaƙar fenti na tsawon rayuwa. Aka kai shi asibitin da aka haifi jikarsa, aka ba shi gado. Na je dubiya na tarar da shi ya zuro hannu ƙasa yana laluben ƙafar gadon.

"Miƙo mini makullinka," in ji shi.

Inna ta ce, "Malam, don Allah ka kwanta."

Ya kankare, ya ce in duba masa, idonsa ba ya gani sosai. Na durƙusa. Fari ne, ƙarƙashinsa ƙarfe, babu wani launi.

"Sabo ne, Baba."

Ya lumshe ido. Sannan ya ce, "Amma shafi ɗaya suka yi. In za ka dawo gobe ka taho mini da ƙaramin buroshi, kada in bar musu tabo."

Ya warke, ya koma kan bokitinsa. Mun gode, Baba, Allah ya ƙara lafiya, ya biya ka abin da aka hana ka. Ku kuma da kuke zaune a sito da ofis kuna shafa sabon launi kan abin da kuka san tsoho ne, ban ce abu ne mai sauƙi ba, kun ga abin da ya ci wa Baba. Amma ku laluba aljihunku, akwai makulli a ciki. Mai allon shago kuwa ya san layinmu, a kawo wa tsohon nan aiki.