Wayar da Ba Ta Faɗa Mini Tela Ya Rasu Ba

Shekara arba'in da ɗoriya ina wankin hula a Ƙofar Guga, kuma in ban da girman kawunan mutane ba abin da na karanta. Boko aji biyu na yi. Malamin ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu ba tare da kowa ya riƙe kowa a zuciya ba.

Da can, in mutum ya rasu a cikin birni, kafin a gama haƙa kabari kowa ya ji. Ladan ya faɗa, mai nama ya gaya wa mai kayan miya, magana ta zagaya ganuwa ta dawo. Yanzu gari ya buɗe. Sa'o'ina duk 'ya'yansu sun kwashe su sun kai sababbin unguwanni, inda gida ke da katanga da ƙofar ƙarfe. A rasu da hantsi, a rufe kafin azahar, kai kana nan kana shafa wa hula sitaci. A shekaruna ba talauci nake tsoro ba, mun saba da juna. Abin da nake tsoro shi ne a kai wani nawa makwancinsa ban taka ƙafata ba.

Ɗiyata ta fari ita ta ce za ta yi maganin wannan. Ba na kiran sunanta, kun san yadda ake da ɗan fari, Injiniya nake ce mata, tun tana jin haushi har ta saba. Ta karanta kwamfuta, kuma ita da abokan aikinta biyu suka ƙera wata manhaja, wato abin nan da ake sa wa a waya ya yi wani aiki. Tasu ta sanarwa ce. Ladanin unguwa ya yi magana a wayarsa, rasuwa ce ko suna ko ɗaurin aure, sai wayoyin mutane su yi ƙara, ka danna ka ji muryarsa.

Ranar da ta zo da maganar, uwarta ta tsaya tsakaninmu kamar kullum, don ni da Injiniya ba mu cika haɗa ido ba.

"Malam, wai wayoyin 'yan majalisarku take so," in ji maiɗakina.

"Ta sayar?"

"Ta gwada abinta, Malam."

Injiniya ta durƙusa daga bakin ƙofa ta yi bayani tana kallon tabarma. Wai waya ba iri ɗaya ba ce a ciki, ko da sun yi kama a waje. Akwai manyan gidaje biyu, na masu tsada da na sauran jama'a, kuma abin da aka ƙera wa wannan gida ba ya shiga wancan, sai an sake aiki. A gidan sauran jama'ar ma kowane kamfani da nasa hali. Wata ƙwaƙwalwarta tsohuwa ce, wata cikinta ƙarami, wata fuskarta ba ta kai tafin hannu ba. Su uku ne kacal, ba za su iya sayen kowace waya ba, sai dai su ara.

"To," na ce wa uwarta, "gaya mata ta zo Juma'a. In tsofaffin wayoyi take nema, ta zo maƙabartarsu."

Majalisarmu tana zama bayan la'asar a wata inuwa kusa da hasumiyar Gobarau. Mu tara ne a lokacin. Aka shimfiɗa rawanin wani aka zube wayoyi a kai, ba biyu da suka yi kama. Ta mai goro an ɗaure ta da robar taya. Ta liman fuskarta ta tsage gida uku, sai ya karkata kai yake karatu. Biyu masu madannai ne, irin waɗanda ake haska banɗaki da su, Injiniya ta ajiye su gefe da ladabi ta ce waɗannan ba sa ɗaukar manhaja. Tawa kuwa wani mai hula ne ya bar mini ita shekarun baya da zai canja, ta cika maƙil da wa'azin da ban taɓa saurara har ƙarshe ba.

Sai Tela ya zaro tasa. Tela ɗan kawuna ne, abokin wasana, tare aka yi mana kaciya. Ɗansa ya kai shi wata unguwa can bayan Ƙofar Marusa, ya kuma saya masa waya ta gidan masu tsada, santsi kamar sabulu.

"Ɗiyata, fara da wagga," ya ce. "Ta ubanki ki bari sai an yi mata wanka da sitaci."

"Kai da ba ka san inda ake kashe taka ba," na ce. "Rannan a masallaci ta yi ta kuka har aka sallame."

"Ita ta san darajar mai ita. Taka ko ɓarawo ya ɗauka sai ya dawo ya ba ka haƙuri."

"Zan ga ranar da za su rufe ka da ita."

"Kai zan rufe, tsohon banza. Ni zan fara zuba maka ƙasa, da hannu biyu."

Injiniya ta sunkuyar da kai tana dariya a ɓoye, ta sa manhajar a wayoyi bakwai. Ta ce za ta aiko sanarwar gwaji kullum, bayan mako ta dawo ta ji yadda aka yi.

Tawa ba ta yi ba. Ranar farko na buɗe, fuskar ta yi fari fat, ta daɗe tana tunani, sannan rubutu ya fito rabinsa a yanke. Wurin da za a danna a ji murya ya faɗa can ƙasa inda yatsa ba ya kaiwa. Ƙara kuwa ko sau ɗaya ban ji ba. Na ɗauka ni ne ban iya ba. Abin da ya fi sauƙi a rayuwata shi ne in ɗauka ni ne ban iya ba, don sau da yawa gaskiya ne.

Da mako ya cika ta dawo majalisa da ɗan littafinta. Ta rame, idanunta sun yi ja don kallon kwamfuta. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya.

"Baba liman, yaya manhaja?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Allah ya yi albarka."

"Baba mai goro?"

"Lahiya lau. Aiki ya yi kyau."

Da ta zo kaina ba ta ɗago ba. "Baba, taka fa?"

Tela ya zuba mini ido yana jiran abin dariya. Ga ɗiyar mutum ta yi wahala ta kawo abu kyauta gaban dattawa. Wa zai buɗe baki ya ce abinki bai yi ba? Mu da ko a gadon asibiti aka gaishe mu lafiya muke cewa.

"Lafiya lau," na ce. Har na ƙara da cewa ƙarar ta yi yawa. Wannan ƙarin ba wanda ya roƙe ni, halina ne kawai.

Ta rubuta a littafinta. Na ga hannunta yana yin 'yar alamar nan ta daidai, sau bakwai.

Masu manyan wayoyi kuwa ba su da irin kunyarmu. Su ne alhazan da suka tsaya wa aikin tun farko, kuma ba su da yawa, amma wayar Injiniya ba ta hutawa. Wannan ya ce launin bai yi masa ba. Wancan yana so a sa hoton katin ɗaurin aure. Wani ya ce wayarsa ta sabunta kanta, manhajar ta daina buɗewa, a gyara yau. Na ji ta tana gaya wa uwarta a tsakar gida cewa tunda na su Baba lafiya lau ne, bari su tattara ƙarfinsu kan masu ƙorafi. Ina zaure ina jin ta. Na yi gyaran murya, na ci gaba da goge hula. Wata uku suka yi suna yi wa manyan wayoyi ado.

Ranar wata Talata, bayan azahar, wani ma'aikaci ya zo karɓar hulunansa. Yana duba su ya ce, "Malam, ban gan ka a maƙabarta ba. Na ce ko jikin ne."

"Maƙabartar wa?"

Ya dube ni, ya ajiye hular. Daga yadda ya ajiye ta na gane.

Ban tuna yadda na hau acaba ba. Na dai tuna na isa da sitaci a hannuna, na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane sun dawo, ƙafafunsu da jar ƙasa. Ɗan Tela ya taso ya riƙe ni.

"Baba, tun da safe ladan ya sanar a manhaja. Mun jinkirta kusan rabin awa muna duba hanya. Na ce ba yadda za a yi Baba bai ji ba."

Na zauna a gefen tabarma. Na ga 'yan majalisarmu biyu ne kawai suka samu sallar, su ma a bakin wani suka ji. Ba wanda ya dubi wani a cikinmu.

Washegari Injiniya ta shigo zaure, wannan karon ba ta jira uwarta ba. Ta miƙa hannu biyu, na ba ta wayar. Ta yi 'yan danne-danne, sai ga muryar ladan ta fito, tana faɗin sunan Tela da lokacin jana'iza. Saƙon yana ciki tun jiya, kwance. Ƙarƙashinsa akwai wasu, na wata uku, ba wanda aka taɓa buɗewa.

"Irin wannan wayar," ta ce a hankali, "in ta ga an ajiye ta, sai ta kashe duk abin da ke aiki a cikinta don batir ya daɗe. Da na sani, gyaran kwana biyu ne. Baba, ka ce mini ƙarar ta yi yawa."

"Na faɗa."

"Don me?"

"Kin gaji," na ce. "Kuma Tela yana kallona."

Da ta yi faɗa da ya fi mini. Ba ta yi ba. Ta ɗauki littafinta ta bi gidajen sauran, ta ce kowa ya buɗe a gabanta. Cikin bakwai ɗin nan, ta Tela ce kawai take aiki yadda ya kamata, sai ta liman da ke yi in ta ga dama.

Bayan sadakar uku ta dawo ta zauna, ta ce dole su zaɓa, hannu shida ba zai ɗauki kowace waya ba. Ni kuma da bakina da ba ya zama, na ce ai ni ma haka nake aiki. Katakon da nake ɗora hula a kai guda bakwai ne, daga ƙaramin kai zuwa babba, kuma duk kan da ya zo Katsina sai na samo masa daidai.

"Baba, kan mutum ba ya canja girma duk shekara," ta ce. "Nawa kawunan, wato wayoyi, suna canjawa. In gyara wa wannan, wancan ya ɓaci."

Na ja katakona na ci gaba da ɗora hula.

Abin da suka yanke bai yi wa kowa daɗi ba. Suka cire hotuna da ado, suka rage manhajar ta yi sauƙi yadda ƙaramar waya za ta ɗauka. Suka ce sanarwar rasuwa ita ce gaba, suna da ɗaurin aure su jira. Aikin manyan wayoyi aka ajiye shi sai wani lokaci. Alhazai biyu suka yi fushi suka janye, ɗaya daga abokan aikinta ya ce shi bai karanta kwamfuta don ya yi jinyar gawar wayoyi ba, ya tafi. Tawa kuwa, da wasu biyu, ta ce sun tsufa da yawa, ba za su ƙara ɓata lokaci a kansu ba. Ta faɗa mini haka ido cikin ido, karo na farko tun tana yarinya. Mu da masu madannai aka yi mana wata hanya: in an yi rasuwa, waya ta kira ka kamar yadda mutum ke kira, ka ɗauka ka ji ladan. Ba rubutu, ba abin dannawa.

Ta kuma daina tambayarmu yaya. Duk Juma'a sai ta zo majalisa ta ce, "A nuna mini." Dattawa da gemu fari mu jeru muna miƙa waya kamar masu karɓar allura. Mai goro ya ce shi tun da aka haife shi ba a taɓa ƙin yarda da gaisuwarsa ba sai bana.

Yanzu kira yana zuwa. Ba ya kuskure. Yana zuwa ina cikin wanki, yana zuwa na kai loma baki. Makon jiya sau uku, biyu na sani tun muna yara, ɗaya ban san shi ba amma na je, tunda na ji. Gwiwoyina sun fara ƙin hanyar maƙabarta, in na dawo sai na jingina da bango kafin in iya cire takalmi. Maiɗakina ta ce in riƙa zaɓa, ba kowace zan je ba. Na ce mata to.

Jiya da hantsi ta sake yin ƙara. Na tsaya ina kallonta a kan benci, hannuna cikin ruwan kumfa, har ta kusa tsinkewa. Sannan na goge hannu a riga na ɗauka. Ladanin unguwar limanmu ne, kuma sunan liman ya kira. Na saurara har ƙarshe, na ɗebe hulunan mutane daga rana don kada su ƙone kafin in dawo, na ja ƙofar shago.