Kwabon Rumawa da na wanke

Shekarata ta biyu da zuwa daga Kano ina karatu a unguwar Bloomsbury can ƙasar Turawa, na kama ɗaki a unguwar Thamesmead wurin wani dattijo ɗan zangon Kumasi da matarsa. Baba nake ce masa. Leburan gini ne, amma ban taɓa ganin mai son tarihi kamarsa ba.

Yana da wani gwangwanin alewa mai ɗauke da kwabban tagulla guda bakwai na Rumawa, waɗanda ya tsinta a lakar bakin kogi. Ko matarsa ba ta taɓa su. Ni kaɗai yake ɗora wa a tafin hannu, kuma ina ji da wannan matsayi ƙwarai.

"'Yata, duba nan," yakan ce. "Rumawa su suka kafa garin nan, suka yi gada, suka yi ganuwa. Zinariya ta manya ce. Wannan kuwa da shi talaka yake sayen burodi."

Ya fi son wani kwabo mai kan sarki sanye da hular ganye. Ya ce mutanen nan na wancan zamani ba su taɓa ganin sarkinsu ba, a jikin kwabo suka san fuskarsa. Ni kuwa abin da ke damuna koren dattin da ya rufe shi. A gidanmu tasa ba ta kwana da tsatsa, sai Inna ta sa mu dirje ta da toka.

Wata Asabar ya tafi aiki, na ce bari in yi abin kirki. Na samu lemun tsami da gishiri da soson ƙarfe, na zauna na dirji kwabon nan har ya yi ja wur. Da na ɗauraye, babu hanci, babu ido, babu rubutu. Ashe a jikin koren nan fuskar take.

Da ya dawo na miƙa masa. Ya daɗe yana juya shi.

"Kusan shekara dubu biyu kogi bai iya da shi ba," ya ce. "Kano ta gama da shi kafin azahar."

Ya rufe gwangwaninsa. Kunya ta hana ni cin abinci, na tabbata ni da kwabban nan har abada.

Ran Juma'a bayan masallaci ya kira ni falo. Ya ɗauko wani, kore shar, ya kama hannuna ya buɗe, ya ɗora shi a kai.