Ta'ina da Burodin Washegarin Hutu

A gidan burodin ba mai kiranta da sunanta na gaskiya. Ta'ina ake ce mata, don ba ka isa ka yanke hukunci a gabanta ka wuce salin-alin ba, sai ta ɗago kai ta ce, "Ta ina ka sani?" Shekara ashirin da biyu tana kan benci ɗaya kusa da ƙofa, tana jiran burodi ya huce ta sa a leda. Ko aji ɗaya ba ta taɓa shiga ba. Marigayi mijinta ma ya sha fama da ita. Ya taɓa cewa duk ranar da ya wanke babur sai an yi ruwa, ta tambaye shi ranakun da ya wanke aka ƙwalla rana fa, su ba sa cikin lissafi? Kwana biyu yana fushi, daga baya shi da kansa ya riƙa ba abokansa labarin yana taƙama da ita.

Abin da har yau ma'aikata ba su manta ba shi ne batun Dogo, magidanci mai 'ya'ya huɗu da ya shekara yana neman aiki kafin ya samu wannan. Sau uku aka ba shi kwaɓi, sau ukun burodi ya fito a danƙare, cikinsa ɗanye. Babban mai gashi ya ce magana a fili take, hannun Dogo ne ba shi da kyau. Mai gidan burodin ya yarda, ya ce gobe kada Dogo ya dawo. Dogo ya tsaya riƙe da hularsa.

Ta'ina ta ajiye leda. Ta tambaya wace rana ake ba Dogo kwaɓi. Aka ce washegarin hutu, tunda tsofaffin ma'aikata ba sa son sammakon ranar, sabon zuwa suke turawa. Sauran kwanaki buhun fulawa yake ɗauka. Ta ce ba ranar hutu ce tanderu ke wuni ya kwana babu wuta ba? Wanda aka sallama bara, shi ma ba washegarin hutu yake kwaɓi ba? Da aka sallami wancan shiru ta yi, kuma shirun na damunta har yanzu.

Babban mai gashi ya fusata, ya ce matar da ba ta taɓa sa hannu a kwaɓi ba ce za ta koya masa aiki?

"Gaskiyarka, ban taɓa ba," in ji ta. "Amma ba hannuna ake tuhuma ba. Ka kwaɓa da kanka washegarin hutu, Dogo ya kwaɓa tsakiyar sati, mu gani."

Ya ce ya yarda, amma in nasa ya yi kyau ta bi Dogo su tafi tare. Ta ce to. Satin nan ko abinci ba ta iya ci sosai ba don tsoro, sai dai ba wanda ya gani a fuskarta.

Dogo ya kwaɓa ranar Laraba, burodi ya tashi ya yi laushi. Washegarin hutu babban mai gashi ya naɗe hannun riga, ya kwaɓa da gwanintarsa ta shekara talatin. Da aka fito da burodin Ta'ina ta tsaga ɗaya, ta miƙa wa maigidan. Cikinsa ya manne masa a yatsa.

Tun ranar ake hura tanderu da yammacin hutu, Dogo kuma yana nan. Da maigidan ya zo wucewa ta bencinta, ya tsaya yana murmushi.

"Baba, ke kuma ta ina kika sani?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe," ta ce, tana ɗaure leda. "Shi ya sa na ce a gwada."