Ranar da Aka Riga Shaho Zuwa Fito

Yaran Zongon Kumasi na yanzu suna da gwanayensu na tseren mota, amma a cikin waya suke ganinsu. Jikana ya taɓa nuna mini nasa, wani Bature cikin hular kwano, ko ƙwayar idonsa ba a gani. A zamaninmu gwanin yaro yana zaune ne a bakin tasha yana cin wake da shinkafa a ganye, yana iya kiranka ya aike ka sayen ashana, kai kuwa ka kwana uku kana ba da labari. Nawa gwanin sunansa Isaka, amma daga unguwar Alabar har Asawase ba wanda ya san shi sai da Shaho. Ranar da na fi tuna shi da ita wata Laraba ce bayan ɗaukewar damina, a shekarar da ta gabaci samun 'yancin ƙasa, kuma ita ce ranar da na ga an riga shi da idona.

Ba mu da filin tsere a lokacin, hanyar goro ce filinmu. Manyan motocin katako, waɗanda muke ce wa lori, su ke ɗaukar huhunan goro daga Kumasi su haura tudun Mampong, su bi ta Ejura da Atebubu har bakin kogi a Yeji, inda jirgin fito ke haye da su zuwa hanyar Salaga da Tamale. Jirgin ba ya ɗaukar mota da yawa a sawu ɗaya, kuma da rana ta yi ja masu fito suke ɗaure shi sai gobe. Wanda bai samu shiga ba zai kwana a tsallaken nan, goronsa na shan zafi, ya isa kasuwa bayan wasu sun cika ta. Saboda haka duk direban da ya bar Kumasi tsere ya fita, ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Akwai kuma wata al'ada ta bakin fito da ban taɓa ganin irinta a wani wuri ba. Kowace lori tana da guntun katako mai kusurwa uku da ake tokare taya da shi, muna kiransa coki, an ƙona sunan motar a jikinsa. Layin shiga jirgi ba da mota ake kama shi ba, da coki ake kamawa. Wanda yaron motarsa ya fara dire cokinsa a gaban masu fito, shi ke da wuri, muddin motar ta iso kafin jirgi ya dawo daga wancan tsallaken.

Gidanmu a Alabar gidan haya ne mai ɗakuna zagaye da tsakar gida, Mosawa da Dagwambawa da Wangarawa da mu duk ƙofa ɗaya, Hausa ce ke haɗa mu, kowa da irin yadda yake lanƙwasa ta. Tsakar gidan kullum a jiƙe take, kullum tana ƙanshin ɗanyen ganye. Babana, Malam Haruna, mai zaɓen goro ne. Shekara da shekaru yana zaune a kan buhu yana ware wa fatake marsa, wato manyan goro, daga minu ƙanana, yana tsame mai sankara tun kafin ya lalata 'yan'uwansa, yana shimfiɗa ganyen fita yana ɗaure huhu. Aikina kafin in tafi makarantar allo shi ne in ɗebo ruwa a famfon bakin titi in yayyafa wa buhuna, in wanke ganye, in kwashe ɓawo in kai bola. Baba yakan ce, "Goro jariri ne, ba ya son rana, ba ya son ƙishirwa, ba ya son a bar shi shi kaɗai." A shekarar nan ne ya tara abin da ya tara ya ɗaure huhunan kansa, karo na farko a rayuwarsa. Ba su da yawa, amma kowa a gidan ya san cewa in suka isa Tamale da ɗanyensu Baba ya zama falke, in kuwa suka yi yaushi a hanya zai koma kan buhunsa ya ci gaba da zaɓar goron mutane har tsufa.

Mu yara kuwa tuni mun raba direbobin tsakaninmu. Kowane yaro yana da lorinsa da ya ƙera da gwangwanin kifi, tayoyin daga tsohon takalmin roba, da sandar turawa. Bayan la'asar mukan jeru a gangaren da ke bin gefen lambatu mu sake su, muna yin kukan inji da baki har leɓe ya yi zafi. Ni na Shaho ne. Na sa wani ɗan makarantar boko ya rubuta mini da gawayi a bayan gwangwanina abin da ke bayan lorinsa: SAI KA ISO. Abokina Seidu kuwa na Kwaku ne, wani direba Batone, wato mutumin Asante, gajere mai faɗin ƙirji, wanda shi kaɗai ke iya shaƙar ƙurar Shaho bai ɓace masa ba. Ni da Seidu mun sha dambe a kan mutanen nan biyu da ba su ma san muna yi ba.

Shaho dogo ne siriri, uwarsa Badagwamba, ubansa Bazabarme. Yana ɗaura jan ƙyalle a wuya, yana tuƙi ba takalmi, wai tafin ƙafarsa ne ke jin abin da inji ke faɗa. In zai shigo tasha yana da irin busa ƙahonsa, gajere biyu da dogo ɗaya, mata masu koko ma sun san shi. Abin da ya sa fatake ke rububinsa shi ne duk gudun nan nasa bai taɓa ƙuje goro ba. Ya san kowane rami a hanyar kamar shi ya haƙa. Da Baba ya ce da Shaho zai yi tafiyar, kuma zan bi shi in riƙa yayyafa ruwa, na rasa inda zan sa kaina. Mma, mahaifiyata, ta ɗaure mini ƙosai a ganye, ta ja kunnena ta ce in na leƙa kai waje ta ji labari, kada in dawo mata gida.

Lodi ya ja mu har hantsi, kuma lorin Kwaku ta riga mu fita. A ƙofar tasha ya leƙo ya yi wa Shaho kirari da sunan da Tonawa ke kiran Musulmi: "Kramo, in na haye zan ce a ajiye maka ruwan alwala!" Shaho ya dai gyara jan ƙyallensa. Ni ina baya a kan huhuna tare da Baba da yaron mota, wani saurayi da ake kira Dogo, ina rungume da garwar ruwa. A tudun Mampong muka kamo su. Har yau in na rufe ido ina ganin wurin: hanya na nannaɗe dutse, daji kore shar a ƙasa can nesa, lorin Kwaku na nishi a gabanmu tana tofar da baƙin hayaƙi. Shaho ya bi ta a hankali kamar mai rakiya, sai da aka zo wata 'yar miƙaƙƙiya ya sauya giya, motar ta yi wani kuka da na ji shi a cikin haƙorana, muka shige. Gajere biyu, dogo ɗaya. Na manta da kunnen da Mma ta ja, na miƙe ina ihu ina nuna musu rubutun bayan motarmu, Baba na riƙe da rigata da hannu ɗaya, ɗaya hannun na jan carbi.

Daga nan daji ya fara buɗewa, manyan itatuwa suka koma baya, ciyawa da kaɗanya suka karɓe su. Muka wuce garken shanu da makiyaya ke korowa kudu, muka wuce mata ɗauke da doya. Ina yayyafa ruwa, Baba na cusa hannu cikin huhu yana jin sanyinsa. Rana ta karkata lokacin da muka hango kogi yana ƙyalli a ƙarshen wani dogon gangare, jirgin kuma yana tsakiyar ruwa ya nufi wancan tsallaken. Dogo ya ce in jirgin ya dawo, sawun ƙarshe ke nan. Bai rufe baki ba muka ji ƙara kamar an harba bindiga, motar ta yi gefe, Shaho ya yi ta kokawa da sitiyari har ya tsayar da ita a bakin ciyawa. Tayar baya ta fashe. Can bayanmu kuwa, inda hanya ta haɗu da sama, wata 'yar ƙura ta tashi.

Shaho ya diro, ya dubi tayar, ya dubi ƙurar. Dogo ba zai iya barin jak ba. Sai ya sa aka tokare motar da dutse, ya ɗauko cokin ya ɗora mini a hannu biyu. "Ɗan Malam," ya ce, "kullum ina ganinka kana gudu da gwangwani. Yau ga na gaske. Kada ka waiwaya." Baba ya so ya hana, ya dubi huhunansa, ya bar ni na tafi.

Na yi gudu a wurare da yawa bayan wannan, na taɓa bin jirgin ƙasa a guje a Khartum da jaka a kai, amma ban sake yin irin na ranar ba. Katakon ya fi yadda na zata nauyi, yana warin baƙin mai, yana dukan ƙirjina. Tsakuwa na cin tafin ƙafata. Ina jin kukan lorin Kwaku yana girma a bayana, ban waiwaya ba. Na fara ganin rumfunan masu soya kifi, na ga masu fito zaune a kan kwale-kwalen da aka kife, har wani ya miƙe yana tafa mini. A daidai nan iska mai zafi ta buge ni, lorin ta wuce, yaron motar Kwaku ya diro tun ba ta tsaya ba ya dire cokinsu. Nawa ya sauka bayan nasa da abin da bai fi taku goma ba. Wuri ɗaya ya rage a jirgin. Na zauna a kan katakon na fashe da kuka, ba don Shaho kaɗai ba. Ina ganin Baba a kan buhunsa har furfura.

Jirgi ya kusa gaɓa sa'ad da lorinmu ta gangaro. Na ɗauka Shaho zai yi faɗa, ko ya ce ba a yi daidai ba tunda yaro ne ya yi tsere da mota. Sai na ga ya sauko yana dariya, ya kwance jan ƙyallensa, ya je ya goge gilashin motar Kwaku da shi a gaban kowa, wai haka wanda aka riga yake yi. Kwaku ya harɗe hannu yana cewa, "Goge da kyau, Kramo, akwai ƙurarka a nan gefen." Mutane na ta shewa. Da ya gama, Shaho ya nuna huhunan Baba ya yi magana ƙasa-ƙasa da Tonanci. Sauran kayan motarmu na manyan fatake ne masu iya jure kwana ɗaya. Na Baba ne kaɗai ba su da bayan da za su jingina. Kwaku ya dube ni, ya dubi ƙafafuna da ke jini, ya daka wa yaronsa tsawa ya kwance igiya. "Tsere tsakanina da kai ne," ya ce, "goro bai yi wa kowa laifi ba." Kafin jirgi ya sauke mutanensa an ɗora huhunan Baba a kan lorin Kwaku.

Ni kuwa na ce ba zan shiga ba. Yaya zan koma Alabar in dubi Seidu, a ce a motar Kwaku na haye kogi? Baba ya zare mini ido, ban motsa ba. Shaho ya tsuguna har fuskarsa ta zo daidai da tawa, ya karɓi cokinsa, ya raɗa mini: "Kai wawa ne? Shiga ka zauna kusa da shi, ka ga inda yake sauya giya, ka zo ka faɗa mini." Da wannan aikin leƙen asiri na shiga, ƙirji a buɗe. Jirgi ya tashi, na hango shi a gaɓa yana ƙanƙancewa, jan ƙyallen a hannu, rana na faɗuwa a bayansa. Washegari goron Baba ya shiga kasuwar Tamale da sanyinsa, kuma daga wannan tafiya bai sake zaɓar goron wani ba.

Na girma na bi hanyar fatauci fiye da inda Baba ya kai. Na zauna a Abidjan da Kano da Jidda, na koyi yin ciniki da harsuna biyar. Da ɗana ya kai ni kallon tseren motoci na gaske a Turai, na ga mota ta shigo da taya a lalace, mutane sun yi mata caa, kafin in gyara zama sun sake ta. Jama'a suka tashi da sowa, ni kuwa Dogo nake gani yana gumi a kan jak, da dutse a madadin coki. Gudunsu ya fi na Shaho nesa ba kusa ba, wannan ba gardama. Amma da aka gama, wanda ya ci ya hau dandamali shi kaɗai, ban ga wanda ya ɗauki kayan wani ba.

Shaho ya rasu ina ƙasar waje, a kan tabarmarsa, ba a kan hanya ba, abin da ya ba mutane da yawa mamaki. Ban taɓa ba shi rahoton giyar Kwaku ba, shi ma bai tambaya ba. Bayan an datse kogin, tafki ya haɗiye tsohon mafitin da rumfunan kifi da gangaren da na yi gudu a kansa, manyan motoci suka koma wata hanya mai gada. Tun daga lokacin ba wanda ya sake yin tsere zuwa fito, kuma ba yaron da aka sake ɗora wa coki a hannu.